Injin Tsaya-Tukuna

"Yanzu, Maƙwabciya! Ciro ta yanzu!"

Mai Burodi ta naɗe hannu da tsumma, ta zura cikin tanderu ta zaro sandar ƙarfen, ta dire ta a kan teburin da take murza kwaɓi. Tsaya-Tukuna ya riga ya ɗauko fil daga cikin firizarta, ɗan guntun ƙarfe mai kaurin babban yatsa, yana ta hucin sanyi. Aikin bai wuce ƙiftawar ido ba. Za a saka kan sandar a cikin fistin ɗin injin mota, a daidaita ramukansu, a tura fil ya ratsa su tun zafi bai huce ba. Ƙarfe in ya ji wuta buɗewa yake yi, in ya ji sanyi ya tsuke, to a wannan ɗan tsakanin ake wucewa. Ya saita, ya tura. Sai hannun ya goce, fil ya shiga rabi ya cije.

Ya danna da yatsa. Ya danna da tafin hannu har da cije leɓe. Ina, ƙarfe ya riga ya kama ɗan'uwansa.

"To," ya ce, ya jawo kujerar roba ya zauna. "Wannan kam ta tafi."

Ita ba sandar take kallo ba. Hannunsa take kallo, wanda ya ɗora a kan gwiwa ya danne da ɗayan, amma duk da haka bai daina rawa ba.

Direbobin tasi ne suka laƙaba masa sunan Tsaya-Tukuna, kuma ba su zalunce shi ba. Ka kawo masa mota kana sauri, ka ce fulogi kawai zai canja maka, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya tukuna," ya kara kunne a jikin inji kamar mai sauraron gulma. Kafin ya ɗauki sifana ka yi hamma har ka gaji. Sai dai motar da ta fita daga hannunsa ba ta dawowa da ciwon da ta zo da shi, shi ya sa masu zaginsa da safe su ne masu layi a ƙofar garejinsa da yamma. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Mai Burodi tun kafin a haifi autarsa. Shi ya ɗora mata bututun hayaƙin tanderu, shi ya yi ta zirga-zirgar asibiti da mijinta har Allah ya karɓi abinsa. A tsawon zaman nan ba ta taɓa ganin hannunsa ya yi kuskure ba.

"Baban Auta, hannun nan fa?"

"Sanyin firizarki ne."

"Firizata ba ta kama mutum har kafaɗa. Faɗa mini gaskiya."

Ya kalli buhunan fulawar da ke jingine da bango, ya ce, "Na je asibiti. Sun ɗauki hoto, sun ga abin da suka gani a hanta. Likitan yaro ne mai kunya, sai kewaye-kewaye yake yi. Na ce masa, ɗana, ni ma aikina ke nan, in inji ya gama yawo nakan gaya wa mai shi. Sai ya ce in koma gida in ci abin da raina yake so."

Ta dafa tebur, fulawa ta manne mata a tafi.

"Maman Auta ta sani?"

"Kada ki gaya mata tukuna. Tana ji za ta kwantar da ni, ta kulle gareji ta ɓoye makulli. Ni ba tafiyar nake tsoro ba, Maƙwabciya, kowa da ranarsa. Injin nan nake so in ji kukansa da kunnena, in ji ya tashi daidai. Iyakar roƙona ke nan."

Labarin injin nan babu wanda bai san shi ba a layin. Auta, 'yarsa, malamar koyar da tuƙi ce. Tun safe har yamma tana zaune gefen masu koyo, ƙafarta a kan birki, ana tafiya kamar an ɗauko ƙwai, mota na mutuwa a kowace mahaɗa. Ita kuwa tun tana 'yar mitsitsiya gudu ne a jininta. Akwai wani fili a bayan tsohuwar masana'anta inda masu motoci ke gwada ƙarfi a ƙarshen mako, takan je ta tsaya bakin shingen waya ta yi kallo ta dawo gida shiru. Ranar da uban ya lura, sai ya jawo wata tsohuwar mota da kaji suka mayar gidansu, ya ce zai haɗa mata injin da zai sa masu sababbin motoci su bi ta da kallo. Mutane suka yi dariya har da riƙe ciki, wai mutumin da ke yini guda yana ɗaure noti ɗaya shi ne zai ƙera gudu.

Kuɗin sayen sabon kaya kuwa babu su, kuma bai ɓoye ba. A wajen masu tsofaffin ƙarafa ya tsinto komai, yau wannan gobe wancan. Kaburetoci huɗu ya ciro daga wani babban babur da ya yi hatsari. Kan injin, da za a kai wa masu na'ura su shafe shi, shi da kansa ya goge shi a kan gilashin teburin falon matarsa da takardar yashi, har sai da ta yi mako ba ta yi masa magana ba. Fistin ɗin kuma a sikelin Mai Burodi aka auna su, ana kankare mai nauyi da zarto har duka huɗun suka zo ɗaya. Da aka zo wajen zafi da sanyi, sai ya leƙo ta ƙofar baya ya ce ai ga tanderu ga firiza a wuri ɗaya, me za a je nema? Tun daga ranar ake samun ƙarafa naɗe a leda tsakanin man shanunta da yis.

Ta share hannu a zaninta, ta ce, "Sanda nawa suka rage?"

"Biyar na samo, don ko ta ɓaci. Ga ta nan ta ɓaci. Saura huɗu cif, babu ta kuskure."

"Nuna mini."

"Ke?"

"A'a, maƙwabciyar bayan gida. Ni mana! Hannun nan tun ina budurwa yake shiga wuta yana fita."

Ya buɗe baki zai ce abin da ya saba cewa, sai ya fasa. Ya sa ta gwada da wadda ta lalace, yadda za ta riƙe fistin, inda za ta sa babban yatsa, inda fil zai tsaya. Ta gwada har hannun ya gane hanya. Sannan aka saka sabuwar sanda a tanderu.

"Ki lura da launinta," ya ce. "In ta fara yin ruwan ɓawon burodi, ta yi. In kika bari ta yi shuɗi, ta ƙone, ƙarfinta ya tafi."

Ta juyo ta watsa masa harara. "Baban Auta, ni za ka koya wa launin ɓawon burodi?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ita ko murmushi ba ta yi ba, idonta na kan ƙarfen. Da launin ya zo ba ta jira umarninsa ba, ta zaro, ta saita, ta tura. Fil ya wuce sulub ya tsaya inda aka ce ya tsaya. Haka ta biyu, haka ta uku. A ta huɗun tsumman ya zame, ƙarfe ya lashe ta a gefen hannu, amma ba ta saki ba sai da fil ya zauna. Ya ɗauki kowanne yana juyawa yana dubawa, ya rasa abin kushewa, abin da bai cika faruwa ba. Daga ƙarshe ya ce ba laifi, wanda a bakinsa babban yabo ne.

Da yamma Maman Auta ta shigo karɓar burodi, ta ga hannun a ɗaure. Mace ce gajeriya mai faɗa, irin waɗanda ƙaunarsu ke fitowa ta hanyar mita. Ta kama hannun ta duba, ta zauna a kan buhun fulawa.

"Ya gaya miki, ko?"

Mai Burodi ta rasa inda za ta sa idonta.

"Kada ki wahalar da kanki, Yaya. Ni nake wanke masa riguna, ni nake ganin abincin da yake dawowa a kwano. Yana tsammani ban sani ba, ni kuma na bar shi da tsammaninsa. In na nuna na sani dole in hana shi aikin nan, in kuwa na hana shi, ni na kashe shi, ba ciwon ba." Ta ja hanci. "Tsohon banza, ya lalata mini gilashi."

Suka zauna nan su biyu suna kuka a hankali don kada a ji ta katanga.

Ciwo bai yi masa irin nasa jinkirin ba. Kafin a gama ɗaura kan injin ya daina iya ɗaga sifana, kuma ba a sake maganar ɓoyo ba, domin babu sauran abin ɓoyewa. Auta ta rage ɗalibanta, takan dawo da rana ta ɗaura tsohuwar rigar aikinsa. Shi yana kan kujera da matashi a baya, ita tana ɗaure notuna, yana cewa, "Tsaya tukuna. Na tsakiya za ki fara, sannan ki yi waje. Kada ki ja shi da fushi, ba shi ya yi miki laifi ba." Ita da haƙuri ya zama sana'arta a wajen masu koyo, a gaban ubanta sai ta koma yarinya, ta yi ta ƙunƙuni.

"Baba, wallahi ɗalibaina sun fi ka sauri."

"Shi ya sa mota ke mace musu a mahaɗa."

Mai Burodi takan leƙo tsakanin gashi da gashi. Wani lokaci riƙe fitila ake so, wani lokaci siririn hannu da zai shiga lungu. Ta san bawul, ta san ringi, ta san ƙamshin giris ɗin da ake shafa wa sandar da ke buɗe bawuloli, wadda yake kira kamshaf yana lallaɓa ta fiye da komai. Tsohuwar sanda ce aka sake wasa ta, kuma babu wata a bayanta. Masu sayen burodi suka fara cewa kwanan nan burodinta na ɗan ƙamshin gareji. Ta ce wanda bai so ya bari.

Da ya kasa fitowa gaba ɗaya, sai aka kira matasan layi suka turo motar daga gareji zuwa ɗan lungun da ke tsakanin gidajen biyu, daidai tagar ɗakinsa. Aka juya gadonsa ya fuskanci tagar. Daga nan yake ba da umarni, murya ta yi siriri, sai matarsa ta maimaita da ƙarfi, tana ƙarawa da nata.

"Ya ce ki duba ruwan lagireto. Ni kuma na ce ki zo ki ci abinci."

Ranar da za a tayar, da hantsi ya sa aka kira masa su biyun bakin taga. Ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito, idanun sun yi rawaya, amma hankalinsa na nan garau.

"Ku saurara da kyau. Tashin farko shi ne rayuwar inji. In ya kama, ba a barinsa ya yi ƙasa, kuma ba a kashe shi. Za a riƙe shi sama, a wannan muryar." Ya rufe baki ya yi wani gunji a maƙogwaro, ya riƙe shi har numfashi ya ƙare masa. "Nan mai ke fantsama ya jiƙa kamshaf, ta zauna da abokan zamanta. In kuka sake shi ya yi ƙasa, ko kuka kashe kuka sake murzawa a bushe, za ta cinye kanta, kuma kun san babu wata. Ko me ya faru, kada a ɗaga ƙafa."

"Har tsawon wane lokaci, Baba?"

Ya juya ido wajen Mai Burodi. "Gashin tire ɗaya na ƙananan burodinki. Ke kin san shi ba sai da agogo ba."

"Na san shi."

"To ki tsaya kusa da ita. Kin yi mini alkawari?"

"Na yi, Baban Auta."

Sai da rana ta karkata suka gama duba komai. Auta ta shiga ta zauna, ta goge tafin hannu a cinya, ta murza makulli. Injin ya juya, ya yi tari, ya yi shiru. Daga taga aka ji muryar Maman Auta: "Ya ce ki ba shi mai sau biyu tukuna!" Auta ta taka totur sau biyu, ta sake murzawa.

Abin da ya fito daga lungun nan ba a taɓa jin irinsa a layin ba. Tantabaru suka watse daga kan rufi, wani kare ya ruga da gudu, gilasan tagogi suka ɗauki rawa. Hayaƙi ya turnuƙe, sannan ya washe. Auta ta ɗaga shi har ya kai muryar da uban ya yi musu, ta riƙe shi a nan, tana dariya hawaye na zuba. Ta cikin taga Mai Burodi ta hango hannunsa ya ɗago daga kan bargo, yatsa ɗaya a sama, yana bin kukan injin a hankali. Murna ta cika ta har ta rasa abin yi, sai ta kama tafa hannu ita kaɗai.

Ba a kai ko rubu'in gashi ba Maman Auta ta fito da gudu, babu ko takalmi. Ba a jin abin da take faɗa saboda ƙara, amma fuskarta ta faɗi komai. Ta kama ƙofar motar tana jijjigawa.

"Auta! Taso! Babanki!"

Auta ta dubi uwarta, ta dubi ƙafarta a kan totur. Fuskarta ta rikice, hannunta ya tafi wajen makulli ya tsaya a hanya. In ta kashe, aikin uban ya tafi a banza yana ji da kunnensa. In ta zauna, zai tafi ba ta kusa.

Mai Burodi ba ta taɓa zama a kujerar direba ba tunda aka haife ta. Ta tattare zani, ta sunkuya ta yi ihu a kunnen yarinyar.

"Matsa! Ɗora ƙafata a inda taki take!"

"Inna, ba ki iya ba!"

"Riƙewa ce kawai, ko ba haka ba? Matsa, na ce!"

Suka yi musayar a matse, ƙafa a kan ƙafa. Injin ya ɗan yi ƙasa, Mai Burodi ta danna, ya yi wani kururuwa, ta sassauta har ta samo muryar. Auta ta nuna mata wata allura a gaban sitiyari. "In ta kai ja, ki kashe. In ba ta kai ba, kada ki ɗaga!" Ta zame ta ɗaya ƙofar ta bi uwarta.

Sai ya rage daga ita sai injin. Kujerar na rawa, sitiyarin na rawa, haƙoranta na haɗuwa. Ƙarfen totur ya fi yadda ta zata tauri, ga silifas ɗinta mai santsi. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu kamar za a ƙwace mata, ta rufe baki tana yin gunjin nan a maƙogwaronta don kada muryar ta ɓace mata. A ranta ta saka tire a tanderu. Yanzu kwaɓin ya fara tashi. Yanzu saman ya fara bushewa.

Labari ya riga ya zaga layin cewa jikin bakanike ya tsananta. Mutane suka fara taruwa a bakin lungu, maza a tsaye, mata na shiga gidan da sauri suna toshe kunne. Kowa ya wuce sai ya dube ta. Ta ga bakunansu na motsi, ta san abin da suke cewa. Mace da girmanta, maƙwabcinta na shirin barin duniya, ita ta zauna tana wasa da mota. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, amma ƙafar ba ta motsa ba.

Mai Aski ne ya kasa haƙuri. Dattijo ne mai son a yi komai bisa tsari, kuma abokin hirar mara lafiyan ne. Ya taho ya leƙo ta taga, jijiyoyin wuyansa a tashe.

"Haba, Mai Burodi! Ba ki da tausayi ne? Mutum na can yana fama da ransa! Kashe abin nan!"

"Shi ya ce kada a kashe!"

"Me kika ce?"

"Shi ya ce!"

Bai ji ba, ko kuma ya ji bai yarda ba. Ya miƙo hannu wajen makulli. Ta sakar masa duka a bayan hannu, irin wanda take yi wa jikokinta in sun taɓa burodi mai zafi. Ya janye yana kallonta baki buɗe, ya ga hawayen da ke gangarowa har haɓarta. Ya dubi tagar ɗakin, ya sake dubanta. Sai ya juya ya ba motar baya, ya buɗe hannuwa ya tare masu tahowa.

Ƙafar ta fara ciwo daga idon sawu, ciwon ya hau sha-raɓa, ya kama cinya. Ta danne gwiwar da hannun da ya ƙone. Allurar ta hau ta tsaya a tsakiya, ba ta ƙara ba. Daga inda take tana hango ɗakin ta gefen ido: bayan Auta a durƙushe bakin gado, kanta kusa da na uban, Maman Auta a tsaye tana riƙe da ƙafafunsa. Hannun nan ba ya sama kuma. Ta so ƙwarai a ce tana ciki. Mutumin da ya tsaya mata ranar da nata mijin ya tafi, ga shi zai tafi tana waje, ko sannu ba ta yi masa ba. A ranta gefen burodin ya fara yin ja.

Can sai ta ga Maman Auta ta saki ƙafafun, ta tako a hankali zuwa taga. Suka haɗa ido. Matar ta ɗan gyaɗa kai, ta jawo labule ta rufe.

Mai Burodi ta gane. Kuka ya ƙwace mata da ƙarfi, babu mai ji saboda ƙarar inji. Ai yanzu sai ta ɗaga ƙafa, wa ya rage da zai ji? Amma burodin bai gasu ba, da saura kaɗan, kuma ita ba ta taɓa cire tire ɗanye don mai shi ya tafi ba. Ta share ido da kafaɗa, ta gyara zaman ƙafar, ta riƙe muryar daidai yadda ya yi musu ita. Ta riƙe har ƙamshin burodin da babu shi ya zo mata a hanci, har ta tabbata ko shi ne a tsaye a kanta ba zai ce a ƙara ba. Sannan ta murza makulli baya.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar nauyi. Kunnuwanta na ta ƙugi. A hankali ta fara jin koke-koken mata daga cikin gidan, da muryoyin maza ƙasa-ƙasa a bakin lungu suna cewa Allah ya jiƙansa. Ta yunƙura za ta fito, ƙafar ta ƙi. Ta sandare a miƙe, yatsun sun ƙage.

Ba ta san tsawon zaman da ta yi a haka ba kafin Auta ta fito. Idanunta sun kumbura, har yanzu rigar aikin uban ce a jikinta. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofar motar.

"Ya ji?" in ji Mai Burodi. Muryarta ta dishe.

"Ya ji, Inna. Da na shiga sai ya buɗe ido ya ce, wa ke kan totur? Na ce ke ce. Ya yi shiru yana saurare, ya ce, ƙafarta ta fi taki natsuwa." Ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. "Sai ya ce kabureta ta biyu tana shan mai da yawa, in rage mata kaɗan, ba da yawa ba. Daga nan bai sake magana ba. Yana ta saurare dai."

"Bai lalace ba, ko? Na ɗan sake shi da farko."

"Bai lalace ba. Fito mu shiga, Mama na nemanki."

"Ƙafar ta ƙi, 'yar nan."

Auta ta durƙusa a ƙasa, kan baƙin man da ya ɗiga. Ta kamo ƙafar da hannu biyu ta sauko da ita daga kan totur, ta zare silifas ɗin ta ajiye gefe, ta ɗora ƙafar a cinyarta. Ta fara murza sha-raɓar a hankali, daga sama zuwa ƙasa, tana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. A gabansu injin na hucewa, ƙarfen na ɗan yin ƙas, ƙas, ɗuminsa na fitowa ta ƙarƙashin mota yana taɓa musu ƙafafu.